Ganduroban da Yake Rufe Ido

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sada, kuma har yau in na tuna shi, addu'a nake fara yi masa, sannan haushi ya biyo baya. Allah ya jiƙansa, ban taɓa ganin mai taurin kai cikin sanyin murya irinsa ba.

Abin da ya tayar mini da tsohon haushin, jikata ce ta dawo daga wani taron bita a otal, tana ba ni labarin sabon ilimin da aka kawo wa ma'aikatan gidan yari. Wai a zaunar da fursuna da mai gadinsa, su yi shiru, su bi numfashinsu har zuciya ta kwanta. An ba su jaka, an ba su shinkafa da kaza, an ɗauki hoto. Na ce mata, wannan sabon ilimin shi ya ci kakin Yaya tun uwarki ba ta iya ɗaura zane ba.

Lokacin kuɗin mai sun ɓarke a ƙasa. A unguwarmu, Ƙofar Guga, duk wanda ka sani ya zama ɗan kwangila, ana rushe katangar ƙasa ana ɗora bulo, wanda jiya yake kan keke yau sai ka gan shi a Vespa. Yaya kuwa ganduroba ne, yana dab da samun igiya ta uku, kuma da wannan kakin yake riƙe da Inna da mu ƙannensa. Ba mu roƙe shi ya yi arziki ba. Cewa kawai muka yi ya riƙe aikinsa.

Sai ya ɓullo da zaman shiru. Bayan la'asar ya tara fursunonin da suka fi zafin rai, ya cire takalmi, ya ajiye kulki, ya zauna tabarma ɗaya da su. Ba wa'azi, ba karatu. A wurin Baba ya gani, domin shi in ransa ya ɓaci ba ya magana sai numfashinsa ya daidaita. Yaya ya ce yawancin mutanen nan ba mugaye ba ne, hannunsu ne yake riga tunaninsu. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ɓata lamarin, shi ma rufe idonsa yake yi.

Ranar da wani babba ya zo duba aiki, ya tarar da mai gadi ido rufe a tsakiyar waɗanda yake gadi, aka ba shi zaɓi: ko ya tsaya a kansu da kulki, ko ya tuɓe kaki. Na same shi a tsakar gida na ce, "Yaya, don Allah ka buɗe ido mana! Su rufe nasu, kai mi zai rage ka?"

Ya ce, "Indo, in ina tsaye bisa kansu, ba natsuwa suka yi ba, tsoro suka ji. Tsoro kuwa da shi suka shigo."

Kuka na yi don takaici. Ya tuɓe kakin, ya koma ɗinkin hula.

Na ɗauka an gama, ashe zauren gidanmu abin zai dawo. Waɗanda aka sako suka riƙa zuwa, har da gandurobobi biyu da suke saɗaɗowa cikin kayan gida. Kuma ya hana gaisuwa in an fara, a Katsina, inda sai an tambayi lafiyar akuyarka kafin a shiga magana! To ga maza a jere kan tabarma, kai sunkuye, ba mai cewa uffan, me mai wucewa zai ɗauka? Maƙwabcinmu Alhaji Ɗanbaba ya leƙo, ya cire takalmi, ya durƙusa ya ɗaga hannu ya ce, "Ashe rashi anka yi ba a sanar da mu ba? Wa ya rasu?" Ba wanda ya tanka. Kafin magariba mata sun cika gidan da ƙwaryar gero, suka tarar da Inna tana tankaɗe, lafiyarta ƙalau. Abin ya maimaitu har unguwa ta riƙa kiranmu gidan makokin da ba gawa, ni kuwa nake shan tsiyar a gidan biki.

Da yana nan yau, na san ba zai ce shi ya riga kowa ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni. Tambaya ɗaya zai yi wa jikata: mai koyarwar, shi ma ya rufe nasa idon? Na tambaye ta a madadinsa. Ta ce a'a, yana duba waya.

Bai bar gida na bulo ba, bai bar fansho ba. Amma akwai Lawai makanike, wanda fasa kan abokin aikinsa da sifana ya kai shi gidan yari. Ya tsufa yanzu, ya aurar da 'ya'ya, ba a sake jin ya ɗaga wa kowa hannu ba. Kwanaki ya ce mini, "Hajiya, har yau in zuciya ta taso mani, zama nikan yi. Mutumin da ya rufe ido gabana, kulkinai na kusa da hannuna, ina zan kai kunyarshi?"

Ranar da Yaya ya rasu, masu ta'aziyya sun cika ƙofar gida, ana addu'a ana hirar farashin siminti. A cikin zaure kuwa Lawai da sauran abokan zaman shirun suka jeru kan tabarmar nan, suka sunkuyar da kai, suka yi shiru. Alhaji Ɗanbaba ya leƙo, ya cire takalmi, ya zauna a cikinsu. Wannan karon bai tambayi wa ya rasu ba.