Akushin Iya Madina

Larai matar Nata'ala ba ta gaji sarauta ba, ba ta gaji dukiya ba. A wani ƙauye ta tashi gindin duwatsun Dutse, ana dai saninta da hannun tuwo da bakin da ba ya barin ta kwana. Amma ni duk matan ƙasar nan da ita nake tinƙaho.

Ciyayya take yi da maƙwabciyarta Iya Madina, tsohuwa mai ciwon ido, ba miji ba ɗa. Kowace yamma Larai ta kai mata tuwo, ita kuma ta ba ta ko ɗan dambu ne a akushi, rufe da faifai.

Sai jirgin ƙasan Nasara ya iso Kano, maza suka rufta noman gyaɗa suka rage gero, damina kuma ta yi gardama. Rumbuna suka kwashe, mutane suka koma tafasa da dusa. Wata yamma Larai ta kai ɗan abin da ta tuƙa, Iya ta ture shi.

"Ɗauki abinki, 'yar nan. Ba ni da abin mayarwa, ni kuwa ban taɓa bara ba."

Haka aka yi ta yi, tsohuwa tana ƙanjamewa, ko tashi alwala sai ta dafa bango. Larai ta tabbata in aka bar ta, kunya za ta riga yunwa kashe ta. Ranta ya ɓaci, ta shiga ɗakin tsohuwar ta ɗauko akushinta wayam, ta kifa masa faifai.

"Miƙo mini da hannunki, Iya. Abin da ke ciki tsakanina da ke ne."

Iya ta miƙa mata, sannan ta jawo tuwon.

Daga ranar kullum Larai ta ratso tsakanin gidaje da akushin a hannu biyu, kamar mai gudun zubar da miya. Wanda ya tambaya ta ce, "Na Iya ne." Ƙarya ta yi?

Ran nan ta iske maza zaune ƙofar gida, har da Idirisu maƙeri, wanda kwaɗayinsa ya fi zugarsa ƙarfi.

"Kawo mu ɗanɗana hannun Iya mana!" in ji shi, ya kai hannu ya ɗaga faifan.

Larai ta san idan maganar ta fita, Iya ba za ta sake haɗiyar lomarta ba. Idirisu ya dubi cikin akushin, ya dubi Larai. Ya mayar da faifan a hankali, har da gyara masa zama.

"Kai, Iya ba ta tsufa da girki ba," ya ce. "Gobe ki ce mata gidana ma muna son ciyayyar."

Bayan gidan maƙeri, gidan liman ya shigo, sannan na Uwaisu mai jakuna, kowa da ɗan abin da ya samu. Iya ta ga sabon gero da ranta. Damuwarta ɗaya, ta kuma faɗa wa Larai da faɗa-faɗa:

"Ke kika jawo mini. Gida huɗu, ni akusana biyu! Je ki aro mini, kada a ce na yi wa wani rowa."