Maganin da ke ɓata ciki

Da kurajen fuskata na iso unguwar Nima daga Maraɗi, ina amarya. Ba irin ƙananan nan na 'yan mata ba, manya ne masu ruwa, in na yi sujada sai goshina ya ɗau zafi. Mijina bai taɓa cewa uffan ba. Yayarsa, mai sayar da shinkafa da wake a bakin titin Maamobi, ita ce ta ce ba za ta zuba ido ba, ta sa ni gaba har wajen likitan fata.

Ba na jin Turanci, ba na jin Twi, yaren da ake yi a garin, yayar tasa ita ce bakina ita ce kunnena. Aka auna fitsarina, aka ɗebi jinina, sannan likita ya yi dogon bayani, yana ƙwanƙwasa tebur, yana nuna cikina. Yaya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Da ya gama ta juyo, da Hausarsu ta zango da ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Dokta ya ce maganin yana ɓata ciki. Ka yi hankali."

Na ce to. A garinmu, abin da ke ɓata ciki shi ne abin da ke kai mutum bayan gida. Na kuwa yi hankali iyakar sanina. Na bar yaji, na bar shito, soyayyen barkonon nan nasu, ni da ba na iya loma uku ba shi. Leɓɓana suka tsage, ina ta shafa man kaɗe, hancina na haɓo, rana na ƙona ni. Duk na jure, don fuska ta fara washewa, har ina tsayawa gaban madubi kamar wata sakarya.

Sai al'adata ta ɗauke. Cikin fari ne, ba a faɗa. Na ja bakina ina murna ni kaɗai, ina haɗiye ƙwayar da abincin rana ba fashi.

Ranar komawa aka sake auna fitsari. Wata nas Bahausa ta ja ni gefe ta ce, "'Yar'uwa, ba a gaya miki ba? Ba a ɗaukar ciki kan wannan maganin, ko an daina sai an dakata. Yana taɓa halittar jariri. Ai likita ya ce ku fara tsarin iyali tukuna."

Na waiwaya. Yaya tana kan benci tana murza mayafin nan. Ta ji komai tun ranar farko. Kunya ce ta hana ta yi wa matar ƙanenta zancen shimfiɗa, sai ta dunƙule shi a kalma biyu, ta ɗauka na gane.

Aka tsayar da maganin. Cikin bai zauna ba.

Na haifi wasu daga baya, lafiya lau. Amma har yau in na ji ƙamshin man kaɗe sai in kama lissafin shekarun wanda da yanzu shi ne babba. Na yi fushi da Yaya, fushi mai tsawo, sannan na gaji na bari.

A wajen biki mata kan taɓa kumatuna su ce wace irin fata ce wannan, me nake shafawa. In Yaya na kusa sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya. Muna gaisawa, muna ci kwano ɗaya, amma fuskar nan da ta kai a gyara, ba ta ƙara kallonta ba.