Ƙarar da Malam Ɗantani Bai Ji Ba

A Ƙofar Mazugal, in ka ce Ɗantani mai gyaran rediyo, ko akuyar unguwa za ta nuna maka shagonsa. Ni tela ne, bango ɗaya ya raba mu, saboda haka duk cika bakinsa a kaina yake ƙarewa. Ɗan siriri ne, hula kullum a karkace, sukurdireba a maƙale a bayan kunne. Gyara kam ya iya, ba zan rage masa komai ba. Sai dai fa baki!

Abin alfaharinsa a duniya shi ne kunnensa. Ba ya kwance rediyo sai ya saurare shi tukuna. Zai kara shi a kunci, ya lumshe ido, ya ce, "Lasifika ce ta yage," ko "Batir ne ya yi ruwa a ciki." A buɗe kuma a tarar haka ne. Yakan ce sauran masu gyara da hannu suke ci, shi kuwa da kunne yake riƙe da gidansa.

Zamanin soja ya sha ciniki, domin kowane magidanci yana son rediyonsa garau, kada a yi juyin mulki yana barci. Da farar hula suka dawo, ba a jima ba wayar hannu ta cika gari, masu kawo gyara suka fara raguwa. Malam bai yi sanya ba, ya sa aka ƙara "DA KWAMFUTA" a ƙasan allonsa. Na ce, "Malam, ka taɓa buɗe kwamfuta kuwa?" Ya ce, "Mamman, yi ɗinkinka. Duk abin da yake shan wuta ɗan'uwan rediyo ne."

Wata ranar Asabar da hantsi sai ga Sa'adiyya, 'yar ƙaninsa, rungume da laftof. Shekarar ƙarshe take a jami'a, duk aikinta yana ciki, hankalinta a tashe. Ta durƙusa ta gaida shi, ta ce, "Baffa, wata ƙara take yi siririya, tsiiii, har cikin haƙorana nake jin ta. Tsoro nake kada ta ƙone."

Kai, ka ga murna! Kwamfutar farko ke nan da ta taɓa shiga shagon. Ya kore kayan da ke kan teburi, ya jona cajar da ta zo da ita, ya umarce ni da in tsayar da keken ɗinki. Ya kara kunnen dama. Ya juya na hagu. Ya ɗago yana murmushi.

"Lafiyarta ƙalau. Ban da hucin fanka babu abin da take yi."

"Baffa, ga ta nan tana yi."

"Karatu ne ya yi miki yawa, 'yata. Ki ce wa babarki ta ɗiga miki man zaitun a kunne."

Ni kuwa daga bakin ƙofa ina jin abin, siriri kamar kukan sauro. Na ce, "Malam, wallahi da ƙara." Ya harare ni, ya ce tun yaushe tela ya san sauti, mutumin da keke ya cinye masa kunne?

Gardama ta yi zafi har dattawan majalisar gindin dalbejiya suka taso. Alhaji Audu mai goro ya sunkuya ya saurara, ya ce shiru kake ji. Sauran ma haka. Su kuwa samarin da ke shan shayi a tsallake, kowanne ya leƙo sai ya yamutse fuska ya toshe kunne. Alhaji Audu ya ce tunda yanzu mulkin farar hula ake, a kaɗa ƙuri'a. Aka raba layi, masu ji a dama, marasa ji a hagu, ana ta shewa.

Malam Ɗantani yana gaban layin hagu, yana dariya har da tafi. Can sai ya waiwaya ya dubi mutanensa. Kowa da furfura. Ya dubi ɗaya layin, babu mai farin gashi ko ɗaya. Nan take ya daina dariya.

Na san mutumin nan tun ina koyon ɗinki, ban taɓa ganin ya sha kaye a gardama ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni sosai, har na ji haushin kaina da na sa baki. Ya koma kan bencinsa ya zauna, ya zare sukurdireba yana jujjuya shi. Jama'a suka ga wasa ya ƙare, kowa ya sulale.

Sa'adiyya ta fara naɗe wayar caja, ta ce, "Bari kawai, Baffa, wataƙila kunnena ne."

"Ajiye," in ji shi. "Ba kunnenki ba ne. Zauna nan kusa da ni. Abin da kika ji ki faɗa mini, kada ki ji nauyina."

Ya rage sautin lasifika gaba ɗaya. "Yanzu fa?"

"Tana yi."

Ya ɗora tafin hannu a wajen fanka. "Ta sauya?"

"A'a, Baffa."

Ya zare caja daga jikin kwamfutar, ya kashe soket.

"Laa, ta daina!"

Ya mayar, ta ce ta dawo. Ya ɗauki tubalin cajar ya kara mata a kunne, ta zabura ta kauce. Ashe kwamfuta lafiyarta lau, caja ce 'yar jabu take kuka. Ya ce ta daina amfani da ita, ta nemi mai kyau, aikinta babu abin da zai same shi. Yarinya ta yi ajiyar zuciya tana ta godiya. Na zaci zai miƙe ya leƙa waje ya sanar da majalisa, kamar yadda ya saba in ya yi nasara. Ko motsi bai yi ba.

Tana saka takalmi ya kira ta, murya ƙasa-ƙasa, yana zaton ban ji ba.

"Sa'adiyya, in tambaye ki mana. Da damina, gyare yana kuka har yanzu a unguwar nan?"

"Sosai ma, Baffa. Har barci yake hana mu."

Ya daɗe yana gyaɗa kai.

"To, madalla," ya ce. "Ni na ɗauka sun bar garin ne."