Ƙwaryar da Ban Karɓa Ba

Goggo ce ta koya wa harshena aiki. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a unguwar Barade a Jalingo, da kuɗin burukutunta kuma na yi makaranta. Duk ranar da tukunya ta nuna sai ta ɗebo a ƙaramar ƙwarya, ta fara kurɓa, sannan ta miƙo mini in faɗa mata ko ya yi. Haka al'adarmu take: mai gida ya fara kurɓa, wanda aka miƙa wa ya karɓa ko leɓe kawai zai jiƙa. Idan ka ƙi, ka ce ba ka yarda da hannunsa ba ke nan.

Da aka ƙirƙiro jihar Taraba na sami aiki a sakatariya, kaina ya kumbura. Na faɗa cikin wasu ma'aikata baƙi, kowace Asabar bayan azahar sai mu jera kwalaben wuski da burandi da jin. Na koyi juya kofi in sansana, in ce wannan yana da ƙamshin hayaƙi, wancan ya fi laushi a maƙogwaro. Shi jin ɗin kuwa sai da ruwan tonik da ɓarin lemun tsami, har Kasuwar Jalingo nake zuwa in zaɓo. Suna cewa ba wanda ya kai ni gane bambanci. Ban taɓa gaya musu inda na koya ba.

Wata Asabar zaman ya faɗo gidanmu. Goggo ta yi kwanaki tana shiri, ba wanda ya sa ta. Muna tsakiyar gardama a kan burandi iri biyu sai ga ta da zanenta na zuwa coci, ƙwarya cike a hannu. Ta kurɓa, ta miƙo mini.

"Ɗana, sha ka ba wa baƙinka. Na yau ya yi kyau."

Na ga wani yana ɓoye murmushi. Na ce, "Goggo, ajiye tukuna, zai ɓata mana baki."

Hannunta ya tsaya a nan inda yake. Wani dattijo ɗan kudu a cikinmu, wanda ko Hausa bai cika ji ba, shi ya tashi ya karɓa da hannu biyu ya sha, ya ce, "Mama, mun gode." Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ba ta yi mini faɗa ba, tuwona ma bai ragu ba. Amma daga ranar maƙwabciya take kira ta ɗanɗana mata in tukunya ta nuna. Kullum ina cewa gobe zan je in zauna kusa da murhu in miƙa hannu. Ban sauke girman kan ba har ta rasu.

Ranar jana'izarta matan unguwa suka dafa burukutu a tukwanenta. Wata tsohuwa ta kurɓa ta ba ni, na karɓa da hannu biyu. Kurɓa ɗaya na gane an yi gaggawar tace shi, bai gama nuna ba. Sai na waiga in faɗa wa Goggo, kamar yadda na saba.