Monita da Sandar Hedimasta

Tara-da-rabi kowa yake ce masa, tun ranar da wata karya ta raba shi da rabin yatsan da yake nuni da shi. Har matarsa, idan ranta ya ɓaci, da sunan take kiransa. Sana'arsa gyaran halin karnuka. Yana da wani fili a bayan masu buga bulo, keji shida da rumfar kwano, da wani ƙarfe kafe a tsakiya wanda ya yi shekara biyar bai ɗaure komai a jikinsa ba. Nan ake kawo masa karen da ya cinye ƙofar gida, da wanda ya yaga wandon mai duba mita, da wanda ba ya barin kowa ya kusanci kwanonsa. Abin da yake ba shi haushi bai wuce masu karnukan ba. Mutum zai sayi ɗan kwikwiyo ya ɗaure shi a rana shekara biyu, ba yawo ba magana, sannan ya zo yana tambaya da gaske wai me ya haukata shi.

Wata safiyar Litinin wata nas ta zo filin da farin kayanta, ta ƙi zama. Ta ce mahaifinta tsohon hedimasta ne, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ya yi wata biyu a asibiti. Ranar da aka sallame shi, yana sa ƙafa a gidansa da sandar dogarawa a hannu, karensa na shekara shida ya yi kukan kura ya tsinke sarƙa, ya kayar da shi, ya yage masa hannun riga har kafaɗa. Allah ne ya sa haƙorin a yadi ya tsaya. Tsohon ya yi ƙoƙarin tsawata masa, amma bakin ya karkace, maganar ba ta fita. Ta kwashe uban ta kai gidanta, ta kuma yi magana da likitan dabbobi ya zo ya yi wa karen allurar da ba a tashi. Shi ne tsohon ya daina cin abinci, ya daina atisayen tafiya, ya juya fuska bango.

"Mako uku na ba ka," in ji ta. "Asabar ta uku zan kawo Baba, likita yana waje a mota. Idan karen nan ya ko yi masa gurnani, an gama magana."

Ta ƙara da cewa ba da takunkumi ba, don mai hannu ɗaya ba zai iya ɗaura wa kare takunkumi kullum ba. Tara-da-rabi ya tambayi sunan karen. Ta ce Monita, irin barkwancin malamai. Sunan ba baƙo ba ne a kunnensa, amma ya ɗauki jakarsa ya bi ta.

Gidan Hedimasta ƙarami ne. Baranda da kujerar roba guda, ɗan allo a jingine da sauran alli a jikinsa, famfo mai ɗiga a gefen hanyar shiga, bishiyar lemo a tsakar gida. A gindinta aka ɗaure karen da sabuwar sarƙa. Baƙi ne, mai faɗin ƙirji, kunnen hagu a tsage. Bai yi haushi ba. Ya miƙe a hankali, ya ɗaga hanci, gashin bayansa ya mimmiƙe, sai fitsari ya zubo masa a ƙafa yana tsaye yana gurnani. Nas ta ce ba ta taɓa ganin ya yi wa baƙo haka ba. Tara-da-rabi ya san dalili, don shi ba baƙo ba ne, kuma tsagar kunnen nan aikin hannunsa ce.

Shekara shida da suka wuce ɓarayi suka shiga gidan Hedimasta, ya kawo masa ɗan kare mai wata takwas ya ce a mai da shi mai zafi. A lokacin Tara-da-rabi yatsunsa goma cif, kuma hanya ɗaya ya sani, wadda ya koya a wurin maigidansa. A ɗaure kare a jikin ƙarfe, mutum ya naɗe hannu da buhu, ya rufe fuska, ya zo da sanda yana dukan ƙasa, yana dukan karen, har ranar da zai gane cewa duka ba ya tsayawa sai ya kama hannun da ke riƙe da sandar. Wata biyu ya yi yana yi wa Monita haka, ya mayar da shi yana alfahari. Sai bayan shekara, ranar da karyar nan ta datse masa yatsa, ya lura tana cizonsa jikinta yana ɓari. Ranar ya gane abin da yake sayar wa mutane da sunan jarumta tsoro ne zalla. Ya daina. To amma karnukan da ya riga ya horar suna nan a gidajen mutane, ga ɗaya ya dawo masa.

Da ya gaya wa matarsa, ta ajiye tsintsiya ta ce ya faɗa wa Nas gaskiya tun da wuri. Ya ce idan ya faɗa za ta kore shi, likita ya zo gobe. Ta ce to shi ya sani, amma ya cire rigar nan a bakin ƙofa kafin gashin kare ya cika mata ɗaki.

Kwana huɗu na farko bai yi komai ba sai zama. Da sassafe zai zo ya zauna a bakin baranda, ya ba karen gefe, ba ya kallon idonsa, yana jefa masa 'yan gutsattsarin busasshiyar hanta. Monita ba ya taɓawa sai ya ji an rufe ƙofa. Kwana huɗu cikin ashirin sun tafi a haka, Tara-da-rabi yana ƙirga su a zuci yana zufa. A na biyar karen ya miƙa wuya ya ɗauki ɗaya, idonsa a kan hannun mutumin. A na bakwai ya yarda aka sa masa takunkumi, shi ma sai da aka shafe cikinsa da kitse.

Sannan aka zo kan sanda. Ya samo irin ta tsohon, ta ƙarfe mai roba a ƙasa, ya ajiye ta a ƙasa taki ashirin daga bishiyar. Karen ya kalli sanda, hanta ta faɗo. Ya sake kalla, wata ta faɗo. Washegari taki goma sha biyar. Idan ya ga bakin karen ya rufe, wutsiya ta sandare, sai ya ja da baya ya sake farawa. Aiki ne mai cin rai, kuma ba a ganin komai a ciki, shi ya sa da Nas ta leƙo daga wurin aiki ta same shi zaune yana ciyar da kare, ta tambaye shi ko wannan ne horon. Ya ce shi ne. Ta duba agogonta ta fita.

Ya san sanda kaɗai ba ta isa ba, don wanda zai shigo ranar Asabar ba tafiyar Hedimastan da Monita ya sani zai yi ba. Ya roƙi Nas ta bar shi ya je gidanta ya ga tsohon yana atisaye, wanda ya koma yi tun da aka ɗage maganar allurar. A wani siririn lungu tsakanin ɗakuna ya same shi, dogo, ya rame, hannun hagu a lanƙwashe a ƙirji. Sanda ta fara sauka, ƙafar hagu ta biyo a jaye, sannan ta dama. Tara-da-rabi ya tsaya yana haddacewa. Tsohon ya ɗago ya dube shi, ya dubi guntun yatsan, ya sake duban fuskarsa. Ya gane shi sarai. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito, kuma a ransa Tara-da-rabi ya ji kunyar daɗin da ya ji da hakan. Ya karɓo rigar tsohon wadda ba a wanke ba, mai warin man shafawa da magani.

A gida ya riƙa gwada tafiyar a tsakar gida cikin rigar wani, sanda, ja, taki, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta fara salati tana yi wa matarsa jaje. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a kwantar da hankali, ciwon na sana'a ne.

Ranar sha ɗaya ya yi wauta. Ya ga karen yana cin hanta a kusa da sandar, ya ga kwanaki suna gudu, sai ya ɗaga ta sama daidai kafaɗa. Bai ma ga tasowarsa ba. Takunkumin ya daki wuyan hannunsa na dama, daidai inda ya koya masa, ya faɗi zaune a kan siminti. Da ba takunkumi, da sunansa ya sake canzawa. Karen ya koma gindin bishiya yana haki, ya ƙi cin komai har kwana biyu. Tara-da-rabi ya zagi kansa zagin da bai taɓa yi wa wani mai kare ba.

Saura kwana shida ya sauya dabara. Ba zai iya cire tsoron ba a wannan ɗan lokaci, amma zai iya ba tsoron wata hanyar fita. Ya fara ɗaga sandar kamu ɗaya daga ƙasa, ya sa hanta tsakanin ƙafafun karen na gaba, sai ya kwanta zai samu. Kamu biyu, kwanciya. Ƙirji, kwanciya. Sau ɗari a yini, har kafaɗarsa ta ƙage. Ranar jajibiri ya ɗaga ta sama da kai sau goma, karen ya kwanta sau tara. A na goman ya tsaya ƙyam yana kallon hannunsa, sannan ya kwanta. Wannan tsayuwar ce ta hana Tara-da-rabi cin abinci.

Asabar da hantsi motoci biyu suka tsaya a ƙofa. Likitan bai fito ba, ya dai sauke gilas, jakarsa a kujerar gefe. Tara-da-rabi ya cire takunkumi, ya kwance sarƙa, ya sa doguwar igiya ya riƙe. Ƙofa ta buɗe. Sanda, ja, taki. Nas tana biye da uban kamar za ta shige jikinsa. Monita ya miƙe, kunnuwa gaba, hanci yana aiki. Bai yi gurnani ba, bai kuma kaɗa wutsiya ba. Taki goma. Taki takwas.

Duk shirin da ya yi, bai tuna da famfon nan mai ɗiga ba. Robar sandar ta sauka a kan jiƙaƙƙen siminti ta zame. Tsohon ya yi baya, hannunsa ya tashi sama da sandar tsaye a kan karen, sak yadda ake yi a jikin ƙarfen nan. Monita ya zabura. Igiyar ta zuge ta cikin tafin Tara-da-rabi ta tafi da fata, Nas ta yi ƙara ta rungume uban. Taki biyu karen ya yi, a na uku ya zube ƙasa, ƙirji da haɓa a siminti, jikinsa duka yana karkarwa, yana wani siririn kuka. Tara-da-rabi ya zazzage masa duk hantar da ke aljihunsa. Karen bai ko kalle ta ba, tsohon yake kallo.

Nas ta juyo ta dubi Tara-da-rabi.

"Ka ga abin da na gani. Ya taso masa."

"Ya taso, ranki ya daɗe. Ya kuma kwanta."

"Za ka rantse mini ba zai taɓa cizonsa ba?"

Ƙarya ɗaya ce za ta sallami likitan, kuma tana nan a bakinsa. Ya dubi hannunsa yana ɗigar jini.

"Ba zan rantse ba. Bai warke ba, sai an yi watanni. Kuma ki sani, ba haka aka haife shi ba. Ni na koya masa kama mai sanda, wata biyu ina dukansa a ɗaure. Kunnen nan ni na tsaga shi."

Fuskarta ta canza. Ta buɗe baki, kuma ya san abin da zai fito ya cancance shi. Sai sandar ta faɗi ƙasa da ƙara. Tsohon ne ya sake ta, ya ɗora nauyinsa duka a kan 'yarsa, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya daki ƙirjinsa sau biyu.

"Ni," ya ce da ƙyar, miyau yana bin gefen bakinsa. "Ni... na kai."

Wata uku ke nan ba ta ji kalma uku a jere daga bakinsa ba. Ta tsaya tana kallonsa, hawaye suna zuba, ba hannun sharewa. Tsohon ya sauke hannun ƙasa ya buɗe tafi, ya kira sunan karen, rabi ya fito rabi ya maƙale. Monita ya taho da jan ciki, ya ratse ya kauce wa sandar, ya cusa hancinsa a tafin.

Nas ba ta dubi Tara-da-rabi ba da ta yi magana. Ta ce ya je ya ce wa likita ya tafi, amma ya bar wayarsa a kunne. Ta ce kullum da safe tana so ta same shi a gidan nan, ranar da bai zo ba ita za ta kira likitan da kanta. Sannan ta ce ya dawo ta wanke masa hannun kafin ya ɓata mata siminti.

Wata bakwai ke nan. An gyara famfo. Kowace safiya mutanen layin suna ganin wani lafiyayyen mutum ya shiga gidan Hedimasta, yana rufe ƙofa ya fara jan ƙafa da sanda a hannu, sun ma gaji da tambaya. Monita yana kwanciya duk lokacin da sanda ta tashi, yana raka tsohon har bakin ƙofa, yana cin hanta a tafin Tara-da-rabi. Amma har yau bai taɓa kaɗa masa wutsiya ba, shi kuwa bai taɓa ganin laifinsa ba.