Darbejiya a Gonar Aro

Duk tsawon aikina na malamin gona, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda Malam Haruna ya zo ofishinmu a Daura, ya tsaya bakin ƙofa ya kasa shigowa. Lokacin muna aikin tare kwararowar hamada a ƙauyukan hanyar Kongolam. Ƙa'idar ita ce, duk manomin da ke son takin gwamnati mai rahusa sai ya dasa darbejiya a iyakar gonarsa, mu je mu gani da idonmu. Haruna ya dasa, ya ma fi kowa ban ruwa.

"Malam, itatuwanku sun kore ni daga gona," in ji shi.

Ashe gonar aro ce. Mai ita Alhaji Isiyaku ne, wani dillalin shanu, kuma tun kafin Haruna ya yi aure yake noma ta. Ku da kuka taso a birni, ku sani: a wajen mutanenmu, mai aro ya shuka gero da wake, amma ba ya dasa itace. Dashe na mai ƙasa ne. Shi ya sa Alhaji ya aiko masa cewa yana girbe geronsa ya bar masa gona.

Na sanar da shugaban sashenmu. Ya ce, "Dashe aka turo mu, ba shari'ar gona ba." A ofis gaskiyarsa ce, amma ni abin ya tsaya mini a rai. Mutum mai iyali, ba shi da ko taku ɗaya na kansa.

Na sami Alhaji a kara, wajen cinikin shanu, ranar kasuwar Mai'aduwa. Na tafi da shirin yin faɗa da mugu, sai na tarar da dattijo cikin damuwa.

"Ɗana, ba Haruna nake tsoro ba. Da ni da shi duk tafiya za mu yi, itacen yana tsaye. Gobe 'ya'yansa su nuna shi su ce ubansu ya dasa. Nawa su nuna me?"

Na ce, "To Baba, in hannunka ne ya dasa fa?"

Sai ya ce a sanar da mai gari.

Ranar Juma'a aka taru a gonar. Haruna yana tono kowane dashe da ƙasarsa yana miƙa wa Alhaji, shi kuma yana durƙusawa da babbar rigarsa yana mayar da shi cikin ramin da aka ciro shi. Mutane sai dariya suke, mai gari yana cewa kowa ya shaida. Da aka gama, Alhaji ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Itatuwa nawa ne, ban ruwa naka. In suka bushe, da kai zan yi."

Tun ranar, kafin in miƙa wa manomi dashe sai na tambaye shi gonar wa ce. Mu iska da rairayi muke gani, su kuwa gadon 'ya'yansu suke gani.

Bayan rasuwar Alhaji, 'ya'yansa sun zo duba gonar. Suka zauna a inuwar da ubansu ya dasa, suka ce wa Haruna ya ci gaba da nomansa.