Gyaran da Inna Ruƙayyatu Ta Yi wa Masaƙi

Malam Mijinyawa ya koyi saƙar tabarma a wajen kawunsa a Miri, tun bai kai shekara goma sha biyar ba. Lokacin da ya yi aure ya tare a Fadaman Mada, gidajen layinsu bakwai ne kacal, kuma duk wanda ka shiga tabarmarsa ce a shimfiɗe. Yau unguwa ta cika ta batse, yawancin mutane sun koma sayen ta roba. Shi dai yana nan a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, yana jiƙa kaba, yana tsagawa, yana rina wata ja wata kore.

Bara, da zafi ya tsananta, wata Hajiya Zakiyya ta zo daga GRA neman tabarma. Mahaifiyarta, Inna Ruƙayyatu, da aka ɗauko daga ƙauye, ta ƙi katifa, ta ƙi tabarmar roba, wai gasa mata baya suke yi. Malam ya zaɓa mata wadda ya fi ji da ita.

Washegari direban Hajiya ya zo ya ce Inna na son ganin masaƙin. Malam ya saka babbar riga, yana zaton yabo zai sha. Ya tarar da tsohuwar zaune da tabarmar a cinya.

"Yaro, wa ya koya maka rufe bakin tabarma?" in ji ta. "Kafin damina wannan ya warware."

"Inna, shekara hamsin haka nake yi."

"To, ka daɗe kana kuskure. Matso."

Hajiya Zakiyya ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Malam kuwa dariya ta ƙwace masa, don rabon da a ce da shi yaro har ya manta. Ashe Inna ma masaƙiya ce, ciwon yatsu ya sa ta bari. Ta sa shi ya kwance gefe guda, ta nuna masa yadda mutanen garinsu ke ninke kabar sau biyu kafin a soke ta ciki. Da ya yi yadda ta ce, ya ja bakin da ƙarfi, ko gezau.

Tun daga ranar, duk Alhamis da hantsi yakan hau acaɓa zuwa GRA da damin kaba. Inna na faɗa, shi yana saƙa, ana kawo musu kunun aya. Ƙawayen Hajiya da suka ga aikin suka fara sa a yi musu, har ya kira matarsa Sauda ta kama masa rini.